Lambun Japan a ƙasar zafi: me zai rayu, me zai mutu?

Maman Yasmin, Kaduna:
Assalamu alaikum 'yan uwa masu son shuke-shuke. Shawara nake nema. Akwai fili a bayan ɗakina, bai fi mita 6 a faɗi da 9 a tsawo ba. Maigida yana so a shimfiɗa intalok a huta, ni kuma raina ya kwanta a kan irin lambun mutanen Japan, mai duwatsu da tsakuwa da ɗan ruwa. Wani mai sayar da furanni ya ce zai sa a kawo mini dashen sakura, itacen furen nan na Japan, da wannan itacen mai jan ganye, momiji, daga waje, amma kuɗin ba kaɗan ba ne. Kafin in miƙa masa, akwai wanda ya taɓa ganin sun rayu a ƙasar zafi?

Baba Mai Lambu, Kano:
Wa alaikumus salam Hajiya. Riƙe kuɗinki. Itatuwan nan biyu sai sun sha sanyi na watanni, sun zubar da ganye sun yi barci, sannan su farka su yi toho da fure. Sanyinmu na hunturu na safiya ne, kafin azahar rana ta dawo da ƙarfinta. Zai iya yi miki shekara ɗaya ko biyu yana ganye kina murna, daga nan bakin ganyen ya fara ƙonewa a watan Maris, ya yi ta ramewa har ya tafi. Jan ganyen da kike gani a hoto ma sanyin dare ne ke kawo shi. A nan ba zai yi ja ba, bushewa zai yi.

Ɗalibin Johor, Maleshiya:
Gaskiyar Baba ce, Hajiya, amma kada wannan ya kashe miki gwiwa. A Johor Bahru nake karatu, gada ce kawai tsakaninmu da Singafo, kuma na nemi biza na shiga na ga Lambun Japan da ke Jurong da idona. Singafo kusan a kan layin ikwaita take, ba ta san hunturu ba balle dusar ƙanƙara, amma tun 1973 lambun yake nan a kan tsibiri cikin tafkin Jurong, girmansa ya haura hekta 13. Wanda ya tsara shi tun farko shi ne Nakane Kinsaku, gwanin lambu da ya yi aikinsa a birnin Kiyoto na Japan, wanda kuma hannunsa ke cikin lambun gidan tarihi na Adachi da ake ta yabo a Japan. An rufe wurin a 2019 don gyara, aka sake buɗewa a Satumban 2024.

Abin da ya burge ni shi ne ba su tsaya suna kokawa da itacen da ƙasar ta ƙi ba. Akwai sashen bado, iri sama da 150 a cikin tafkuna hawa-hawa. Akwai wani sashe da aka nutsar a ƙasa, bangonsa lulluɓe da tsirrai masu manne wa bango su sha danshin iska, kana shiga za ka ji sanyi ya buge ka. Shiga kyauta ne. Jirgin ƙasa na cikin gari zai sauke mutum a tashar Chinese Garden, ya ratsa lambun Sin, ya haye gada ya faɗa na Japan. Duk mai zuwa ya yi sammako, domin daga ƙarfe goma zufa ce, da yamma kuma hadari ba ya sallama. Kada kuma a firgita in an ga guza yana iyo a bakin tafkin, gidansa ne.

Dakta, Zariya:
Ɗan uwa, na ji daɗin bayaninka, amma ni ban yarda a kira duk abin da aka yi a ƙasar zafi lambun Japan ba. A Kiyoto na yi karatun digirina na uku a fannin noma, kuma abin da na fahimta shi ne lambunsu agogon shekara ne. Afrilu sakura. Yuni ruwan sama mai yayyafi, gansakuka ta yi shar kamar an shimfiɗa darduma. Nuwamba momiji ya kama ja. Da sanyi dusar ƙanƙara ta rufe komai, a lambun Kenroku-en na garin Kanazawa har igiyoyi ake ɗaure wa rassan itacen fayin, mai ganye kamar allura, daga kan dogon sanda don kada nauyinta ya karya su. Mutum zai je lambu ɗaya sau huɗu a shekara ya ga wuri huɗu daban. Haikalin Saiho-ji yana da gansakuka kusan iri 120, kuma tun 1977 ba a shiga sai an nemi izini tun gaba, saboda sawun mutane yana kashe ta. In ka cire juyin lokaci ka cire gansakuka, me ya rage? Hotunan da na gani na Jurong bayan gyara sun yi kyau ƙwarai, amma a wurina lambun ƙasar zafi ne mai sunan Japan.

Injiniyan Jos:
Dakta, Allah ya ƙara sani. Amma ai Japanawan da kansu ne suka fita da wannan sana'a zuwa ƙasashen zafi, ba wani ya sace ta ba. Na ziyarci lambun Morikami a Delray Beach, kudancin Fulorida a Amurka. A farkon ƙarni na 20 wasu manoma Japanawa suka kafa ƙauye a can mai suna Yamato, suna noman abarba. Ƙauyen ya watse, sai mutum ɗaya, George Morikami, ya zauna har tsufa, ya kuma ba da gonarsa kyauta ga hukumar yankin. Aka buɗe gidan tarihi a 1977. Lambunan da ake zagawa yanzu guda shida ne, Hoichi Kurisu ya tsara su, aka kammala a 2001. Babu sakura babu momiji, kuma itatuwan fayin na Fulorida ya ɗauka ya yi musu aski irin na Japan, yana buɗe rassa har ka ga ƙashin itacen. Wallahi ina zaune a kan benci a can ban ji cewa wani abu ya yi kaɗan ba.

Haka a Hilo, tsibirin Hawayi. Lambun Liliuokalani tun 1917 aka fara shi don karrama Japanawan da suka je aikin gonakin rake. Da baƙin dutsen aman wuta aka yi aikin, tafkunansa kuma haɗe suke da teku, ruwan yana hawa yana sauka. Ambaliyar tsunami ta rusa shi a 1946 da 1960, suka sake ginawa.

Ɗalibin Johor, Maleshiya:
Anti Dakta, to Okinawa fa? Ita ma Japan ce, kuma ba ta da irin wannan sanyin.

Dakta, Zariya:
Ka kama ni a wuri mai kyau. Na je lambun Shikinaen a birnin Naha na Okinawa. An gina shi a 1799 don sarakunan Ryukyu su riƙa saukar da jakadun Sin. Tafki ne a tsakiya ana zagaya shi da ƙafa, kamar na manyan lambunan Japan, amma gadojinsa na farin dutsen murjani ne na tsibirin, akwai rumfa mai kusurwa shida irin ta Sin, rufin gidan jan tayil, itatuwan kuma na ƙasar ɗumi ne, har da dangin ceɗiya masu saiwa a sama. Yaƙin 1945 ya lalata shi, aka shafe kusan shekara 20 ana maido da shi, UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya a 2000. Sai dai ka lura, lokacin da aka gina shi Ryukyu masarauta ce mai sarkinta, sai a 1879 Japan ta haɗiye ta. Su kansu ba su kwaikwayi Kiyoto ido rufe ba, sun ɗauki tsarin suka zuba nasu dutsen da nasu itacen. Wannan na yarda da shi. Abin da nake ƙi shi ne a dasa jar gada da fitilar siminti a tsakiyar ciyawa a ce an yi Japan.

Ɗan Yamai, Nijar:
Jama'a ku yi haƙuri in katse ku. Duk wuraren da kuke lissafawa ƙasashen ruwa ne. Singafo tana samun ruwan sama sama da milimita 2,000 a shekara, kowane wata ana yi. Hilo ta haura 3,000. Mu a Yamai da ƙyar mu wuce 500 zuwa 600, kuma cikin wata uku zuwa huɗu yake zuba ya ɗauke. Kano ma ba ta kai rabin na Singafo ba. Zafi ba iri ɗaya ba ne. Akwai zafi mai laima, akwai zafi mai ƙura. Abin da ya rayu a Jurong zai iya mutuwa a Kaduna cikin watan Fabrairu ɗaya. Hajiya tana buƙatar shawarar da ta dace da wata shida ba ɗigon ruwa.

Baba Mai Lambu, Kano:
Allah ya yi maka albarka ɗana. Nan ne gizo ke saƙar.

Dakta, Zariya:
To a nan Japanawa suna da amsa tun da daɗewa, busasshen lambu, karesansui. Babu ruwa ko ɗigo. Tsakuwa ce ke tsayawa a madadin ruwa, ana ja mata layi da manjagara kamar igiyar ruwa, duwatsu kuma su zama tsibirai ko tsaunuka. Mafi shahara shi ne na haikalin Ryoan-ji a Kiyoto, wanda aka kafa a 1450. Filin kusan mita 25 ne da 10. Duwatsu 15 ne a rukuni biyar, kuma daga inda ake zama a barandar ba a iya ganinsu duka a lokaci ɗaya, kullum wani yana ɓoye a bayan wani. Ba itace ko ɗaya a ciki sai 'yar gansakuka a gindin duwatsun. Bangon da ya kewaye shi na ƙasa ne da aka kwaɓa da mai, shekaru suka sa man ya tsattsafo ya yi masa dabbare-dabbare. Hajiya, filinki ya isa a yi ƙaramin irin wannan.

Maman Yasmin, Kaduna:
Ikon Allah. Wannan jan layin ai ya tuna mini tsakar gidan kakata a ƙauye. Da asuba an yayyafa ruwa an share, sawun tsintsiya ya kwanta a rairayi baka-baka, ba wanda yake son ya fara takawa. To da yashi zan yi ke nan? Muna da ragowar yashin gini.

Injiniyan Jos:
A'a Hajiya, ban da yashi. Iskar hunturu za ta watsa miki shi cikin ɗaki, ruwan Agusta ya kwashe sauran zuwa kwata, kyanwoyin unguwa kuma su mai da shi bayan gida. Su ma a Kiyoto ba yashi ba ne, ɓarzajjen dutse ne, asali daga kogin Shirakawa, wanda yanzu an hana ɗiba. Ki nemi tsakuwar wurin fasa dutse, ƙanana masu kaifin gefe, milimita 6 zuwa 10. Mai kaifi ce ke riƙe layi, mulmulalliya ta rafi zamewa take yi. Kaurin shimfiɗar ya kai santimita 7 zuwa 10.

Amma kafin tsakuwa, ƙasa. A kankare ciyawa da saiwarta, a daddaɓe ƙasar, a ba ta ɗan gangare zuwa inda ruwa zai fita, a binne bututu mai huji-huji a gefen da ya fi ƙasa. Ruwan Kaduna in ya tashi zuba, cikin awa ɗaya fili zai zama kududdufi. Kada a shimfiɗa leda a ƙarƙashi, tana riƙe ruwa, tana kuma yagewa ta fito sama ta ɓata wurin. Akwai wani yadi mai barin ruwa ya wuce amma ya hana ciyawa, masu aikin titi da masu furanni a Abuja suna da shi. Indararo kuma a juya shi, kada ya zuba kai tsaye a kan tsakuwar.

Baba Mai Lambu, Kano:
In ƙara a kan na Injiniya, kada ki sayi fara fat. Farar tsakuwa a ranar Afrilu tana kashe ido, tana kuma maido da zafi cikin ɗaki har bayan isha'i. Na ga gidan da aka yi haka, tagar ɗakin ba ta buɗuwa da rana. Ki nemi mai ruwan toka ko mai ruwan ƙasa, domin ƙurar hunturu in ta sauka a kanta ba ta nunawa. Sannan dole a samu inuwa ko da rabin filin ne. Su can rana suke nema, mu gudunta muke yi.

Ustaz, Sakkwato:
Salamu alaikum. Ina bin zancen nan da sha'awa, amma akwai abin da ya kamata a faɗa. Wuraren da Dakta ta ambata haikalai ne na addinin Buddha, kuma fitilun dutsen nan ma daga haikali suka samo asali. Lokacin da nake karatu a Alƙahira na je lambun Japan da ke Helwan, wanda aka yi tun 1917. Wuri ne da iyalai ke zuwa shan iska, amma an jera gumakan Buddha da yawa a gefen tafki. Ba na so 'yar uwarmu ta shigo da irin wannan gidanta da sunan ado.

Dakta, Zariya:
Ustaz, tambayar tana kan hanya, kuma ni ma na yi wa kaina ita a can. Ba duk lambun Japan ne na haikali ba. Kenroku-en na gidan sarautar Maeda ne, Shikinaen fadar sarki ce, akwai kuma ƙananan lambuna a tsakar gidajen 'yan kasuwar Kiyoto da aka yi don iska da haske su shiga dogon gida. Gunki ba sharaɗi ba ne ko kaɗan, a Ryoan-ji ɗin ma babu gunki a cikin filin duwatsun. Gaskiya ne wasu suna ba jerin duwatsu uku ma'anar addini. Amma dutse da tsakuwa da itace halittar Allah ne, wanda ya jera su don ya zauna ya huta bai ɗauko aƙidar kowa ba.

Ustaz, Sakkwato:
Na gamsu da wannan. A bar gunki, a bar ƙofar nan ja mai ginshiƙi biyu da ake kira torii, domin alamar wurin bautar Shinto ce, ba ado ba ce a wurin masu ita. Sauran kuwa duba halitta ne, kuma abin so ne. Allah ya sa albarka a aikin.

Maman Yasmin, Kaduna:
Amin Ustaz, na gode. Dama gunki bai zo mini a rai ba. Baba, to wane itace zan sa? Ba na son dutse zalla, ina son in ga kore.

Baba Mai Lambu, Kano:
Yawwa, yanzu aka zo wurina. Kuma ina so Dakta ta saurara, domin ta ce ba mu da juyin lokaci. Muna da shi, Dakta. Bazara, damina, kaka, hunturu. Matsalar ita ce masu furanninmu sun cika gari da shuke-shuken da kamanninsu ɗaya ne daga Janairu zuwa Disamba, sai mutane suka manta itatuwan dajinmu suna sauya riga.

Kariya tana fure ruwan hoda a kan reshe tsirara a tsakiyar rani, lokacin da komai ya bushe. Gindinta kumburarre ne, ko ba a taɓa ta ba kamar an yi shekara hamsin ana lanƙwasa ta, kuma ba ta son ruwa da yawa, shi ne ma ke ruɓar da ita. A kiyaye kawai, ruwan jikinta guba ne, kada yara ko awaki su kai baki. Minjirya tana fitar da jan fure cikin hunturu ba ganye. Gurjiya haka, ja jawur tun daga Disamba. Marga kuma in bazara ta kusa sai ta zubo da fure rawaya reto-reto kamar zangarniya, ba ta da abin jin kunya a gaban sakura. Gawo shi kaɗai yake tafiyarsa, ya zubar da ganye da damina ya yi kore da rani, amma ya yi wa filinki girma.

In ni ne, itace ɗaya zan sa babba, tsamiya. Ganyenta ƙanana ne, ɓawonta yana tsagewa ya nuna tsufa, tana jure aski, ba ta gaggawa. Mutanen Indunisiya da Filifin suna yin bonsai da ita sosai, wato ɗan ƙaramin itacen da ake reno a tukunya. A dasa ta a kusurwar yamma, nesa da bango, ta tare ranar la'asar. Don dunƙulallun shuke-shuken nan da Japanawa ke yi wa aski kamar tulu a kife, su da furen azaliya suke yi, ita kuma ƙasa mai tsami da sanyi take so. Ke ki sa furen iksora mai ƙananan ganye, ko ma lalle. Lalle yana karɓar almakashi, furensa kuma da daddare ƙamshi ne har cikin ɗaki. Ceɗiya da durumi suna da kyau amma a tukunya kawai, saiwarsu tana fasa bango ta shiga salga.

Dakta, Zariya:
Baba, na karɓi gyara a kan lokutan shekara, kuma maganar marga ta shige ni. Abin da zan roƙa shi ne kada a sa su duka. Hajiya, iri uku ko huɗu sun isa. Rabin kyawun wannan lambu wurin da aka bari ba komai ne. Mu kuma da mun ga fili sai hannu ya yi ta ƙaiƙayi.

Askin ma ba irin na shingen ofis ba ne da ake daidaita sama kamar tebur. Daga ciki ake farawa. A cire reshen da ya haye wani, da wanda ya miƙe sama tsaye, da wanda ya juya ya koma wajen gindi, har haske ya riƙa ratsawa, rassan su kwanta hawa-hawa. A Kiyoto fayin sau biyu ake taɓa shi a shekara, da hannu, a karya sabon toho a farkon ɗumi, a tsige tsohon ganye kafin sanyi.

Anti Kumasi, Ghana:
Sau biyu a shekara! Dakta, a nan Kumasi in na yi wata ɗaya ban ɗauki almakashi ba, ba na gane lambuna. Wannan shi ne abin da ba a faɗa wa mutum game da ƙasar zafi mai ruwa: ba a wahalar rayar da shuka, wahalar tsayar da ita ake yi. Gansakuka kuwa kyauta take zuwa mini. Duk dutsen da ke inuwa a bayan kicin ya yi kore da kansa, sai dai in hunturu ya sauko ta yi ruwan ƙasa ta kwanta, ruwan farko ta farfaɗo. Hajiya, kada ki saye ta, kada kuma ki kankaro ta daga wani wuri, ba ta zama inda ba ta zaɓa ba. In kina son kore a gindin dutse, nemi gajeruwar ciyawar nan mai duhun kore da ake kira mondo, asalinta ma daga Japan ne, tana yi a inuwa in ana ba ta ruwa.

Maganar ɗan ruwa da kika yi, ki yi tunani sosai. Na yi tafkin koi, kifin ado na Japanawa. Ruwa in ya yi ɗumi iskar da kifi ke shaƙa tana raguwa, dole famfo ya yi ta aiki dare da rana, kuma wuta in ta ɗauke da daddare da safe sai ki tarar da su a sama. Ruwan da ba ya motsi kuma gidan sauro ne, cikin mako ɗaya zuwa kwana goma ƙwai ya zama sauro mai cizo. Da yara a gida ga zazzaɓi ga tsoron faɗawa. Yanzu abin da nake da shi dutse ne mai rami kamar turmi, ruwa na ɗiga a ciki daga bakin gora, ya malala ya ɓace cikin tsakuwa, a ƙasa akwai bokiti a rufe da ƙaramin famfo mai sola. Ƙarar ruwan tana nan, sauro ba ya samun wurin zama. Japanawa suna ajiye irinsa a hanyar shiga ɗakin shayi don wanke hannu.

Ɗan Yamai, Nijar:
Anti, wannan dabara ta yi mini. Bokiti ɗaya zan iya ciyar da shi ko a watan Mayu. Amma gora a nan gara ba ta barinta.

Anti Kumasi, Ghana:
Nan ma haka. Bakin goran nakan sauya shi in ya lalace, abu ne na minti biyar. Shinge ne ba na ba da shawara a kafa shi a ƙasa kai tsaye. A ɗora shi a kan ƙafar ƙarfe ko siminti, tazarar tafin hannu daga ƙasa, a riƙa duba hanyar gara.

Maman Yasmin, Kaduna:
Akwai darbejiyar maƙwabta da ta leƙo ta kan katanga. Inuwarta tana da daɗi amma ganye da 'ya'ya kullum a ƙasa. Zai yiwu kuwa?

Baba Mai Lambu, Kano:
Zai yiwu in kin yarda da tsintar ganye kowace safiya, domin tsintsiya tana kwashe tsakuwa, da hannu ake yi ko da tattausan buroshi. In ba za ki iya ba, ƙarƙashin darbejiyar ki shimfiɗa faffaɗan duwatsu na takawa da wurin zama, tsakuwar ta koma inda ganye ba ya kaiwa. Kaji kuma a killace su, in ba haka ba layin da kika ja da safe kafin hantsi sun tone shi.

Dakta, Zariya:
Kuma kada ki ɗauke ta a matsayin matsala kawai. Akwai dabarar da suke kira shakkei, a jawo abin da ke wajen katanga ya zama cikin hoton lambun. Haikalin Entsu-ji da tsaunin Hiei ya yi haka, an daidaita tsayin shinge yadda zai ɓoye gari ya bar tsaunin. Ki zauna inda za ki riƙa zama, ki duba me ake gani sama da katangar. In kan darbejiyar ne da sararin sama, a bar shi. In tankin ruwa ne da wayoyi, nan za a sa tsamiyar ta rufe. Mutanen da ke kallon Kufena a Zariya ko Zuma a hanyar Abuja daga tsakar gidansu sun samu rabin lambun kyauta. Katangar bulo kuma a shafe ta da launin ƙasa, ko a yi mata yaɓen ƙasa da makuba in akwai magini da ya iya, domin farin fenti yana haɗiye duwatsun.

Maman Yasmin, Kaduna:
Na rubuta duka. Maigida ya karanta tare da ni, ya ce in dai ba tafki ya yarda, amma a bar masa hanyar da zai kai ga mita ba tare da ya taka tsakuwa ba. Saura duwatsun. Injiniya, guda nawa, kuma ina ake samu?

Injiniyan Jos:
Biyar ko bakwai sun ishe ki, Hajiya, kuma su zama jinsi ɗaya, kada a haɗa marmara da baƙin dutse da fari. Ɗaya babba ƙwarai wanda sai mutum huɗu ko ƙaramin injin ɗaga kaya zai ɗaga, biyu matsakaita, sauran ƙanana. Kuskuren da aka fi yi shi ne sayen masu girman kankana guda ashirin a warwatsa. Kada a ɗora dutse a kan ƙasa kamar an ajiye kaya, a binne kashi ɗaya cikin uku nasa, faffaɗan gefen a ƙasa, yadda mai kallo zai ɗauka tun fil azal a nan ya tsiro. Babban ake fara kafawa, ba a tsakiya ba, sai a je wurin zama a duba, a juya shi, a sake dubawa, sannan sauran su bi shi. Duwatsu kafin itace, itace kafin tsakuwa.

Wurin samu, je ki wurin masu fasa dutse na gefen Kaduna, amma kada ki karɓi wanda nakiya ta fasa, fuskarsa sabuwa ce mai ƙyalli, sai ya shekara da yawa kafin ya yi kyau. Ki ce a nuna miki na saman ƙasa da suke turewa gefe kafin su fara haƙa, waɗanda rana da ruwa suka cinye wa kaifi. Su a wurinsu shara ne, kuɗin mota ya fi kuɗin dutsen. Kada a je a ɗebo daga gonar mutane ko tsaunin gari ba izini. Ki je da kanki ki zaɓa, ki sa musu alama da alli.

Baba Mai Lambu, Kano:
Aikin dutse da magudana a yi shi yanzu da rani, ƙasa a bushe, mota ba za ta kafe ba. Dashen tsamiya da lalle a jira sai ruwa ya zauna a watan Yuni. Kariya ko yaushe, amma a ɗaga mata ƙasa ta zama tudu, a gauraya da yashi mai kauri.

Injiniyan Jos:
Haka ne Baba. Kuma Hajiya, ki gaya wa direban tifa kada ya juye su kamar yashi. A ɗaure da igiya mai faɗi, ba sarƙa ba, a sauke ɗaya bayan ɗaya a kan tsofaffin tayoyi. Sarƙa tana barin farin tabo a fuskar dutse, kuma ba ya gogewa.